Saniya tana cika bokiti amma ta ƙi ɗaukar ciki, gado ne ko kiwo?

Wa alaikumus salam Alhaji. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na samu zama ne don ba abin da za a amsa a layi biyu bane. Ka ce kana da saniya ruwa biyu, Frisiyan da Bunaji, jinin Frisiyan ɗin kashi uku cikin huɗu, wata bakwai kenan da ta haihu, a farkon tatsa har lita 18 take bayarwa a rana, an yi mata barbarar allura sau uku bata ɗauka ba, sai wani ya ce maka ai duk saniya mai madara haka take, a jini abin yake, ka sayar kawai ka huta. Kana so ka san ko gaskiya ne, kuma wane irin sa ya kamata ka riƙa sa wa sauran.

Toh mutumin nan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, amma shawarar da ya ɗora a kai ce ban yarda da ita ba.

Bari in fara da inda yake da gaskiya. Mu a wannan fanni akwai abin da muke aunawa, ƙarfin gado, wato in ka ɗauki shanun garke ɗaya ka ga wannan tafi waccan, kashi nawa na bambancin ne ya fito daga iyaye, kashi nawa ne daga abinci da yanayi da cuta da hannun mai kiwo. A yawan madara, gado yana ɗaukar wajen kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari. A maiƙon madara ma yafi haka, yana kai rabi. Shi yasa in uwa mai madara ce uban kuma daga gidan madara ya fito, da wuya 'yar ta ba ka kunya, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma ɗaukar ciki fa, kwana nawa saniya take yi bayan haihuwa kafin ta sake ɗauka, allura nawa take ci kafin ya zauna, nan ƙarfin gado bai wuce kashi 2 zuwa 5 ba. Ka riƙe wannan lissafin, don duk amsar taka a cikinsa take.

Sannan akwai alaƙa tsakanin gadon biyun, kuma alaƙar ta kishiyoyi ce. In ka shekara da shekaru kana zaɓen shanu don madara kaɗai, ba ka kallon komai sai sikeli, to a hankali kana jan haihuwa ƙasa ko baka yi niyya ba. Turawa sun yi wannan kuskuren da idonsu buɗe. A Amurka wajen 1950 saniyar tatsa tana bada kamar kilo 2,400 a shekara, yau ana maganar kusan kilo 11,000. A 1944 suna da shanun tatsa sama da miliyan 25, yanzu miliyan 9 da ɗoriya ne amma madarar ta kusa ninka ta da can. Abin sha'awa ko? Sai dai a daidai wannan lokacin, a jihar New York, shanun da ke ɗaukar ciki a allurar farko sun sauko daga wajen kashi 65 a 1951 zuwa wajen kashi 40 a 1996. Dalili mai sauƙi ne, madara ana aunata kullum safe da yamma, kowa yana da lissafinta, ita kuwa haihuwa tunda gadonta ɗan kaɗan ne sai ka tara bayanan ɗaruruwan 'ya'yan sa guda kafin ka iya cewa wannan san 'ya'yansa suna saurin ɗauka ko basa yi, ba wanda ya damu ya tara, har sai da abin ya fara cin aljihu.

Kuma akwai wuraren da aka kama abin dumu-dumu a cikin DNA, wato sinadarin gadon kansa. Saniya tana da kuromosom 60, ƙullin da gado yake ciki kenan, 30 bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A jajayen shanun ƙasashen arewacin Turai, su Finland da Sweden da Denmark, masu bincike sun gano a 2014 cewa akwai wani yanki da ya ɓalle ya ɓace a kuromosom na 12. Saniyar da ta gaji wannan giɓin daga gefe ɗaya tana ƙara madara, don haka masu zaɓe suka yi ta zaɓarta ba su san me suke yaɗawa ba, amma ɗan tayin da ya gaje shi daga uwa da uba duka biyu mutuwa yake a ciki. Ga riba ga hasara a ƙulli ɗaya.

Wanda yafi bani mamaki har yau shine labarin wani sa na Holstein, wato Frisiyan irin na Amurka, da aka haifa a Amurka a 1962, sunansa Pawnee Farm Arlinda Chief. 'Ya'yansa mata sun yi madarar da ba a saba gani ba, sai kowa ya ruga neman irinsa, ya haifi 'ya'ya mata wajen 16,000, jikoki wajen 500,000, tattaɓa kunne sama da miliyan 2, har ta kai kusan kashi 14 na gadon Holstein ɗin Amurka daga gare shi ya fito. Ashe yana ɗauke da wani lahani a ƙwayar gado da ake kira APAF1. Shi lafiyarsa ƙalau tunda kwafi ɗaya gare shi, 'ya'yansa ma ƙalau. Sai da jikoki suka fara haɗuwa da jikoki, auren zumunci kenan na shanu, sannan matsalar ta fito, in mai ɗauke da shi ta haɗu da mai ɗauke da shi, ciki ɗaya cikin huɗu zubewa yake. An ƙiyasta ɓari wajen rabin miliyan a duniya ta dalilin wannan sa ɗaya. Kuma shekaru kusan hamsin ba wanda ya gane, manomi dai yaga saniya ta dawo neman sa, ya ce bata ɗauka ba. Sai a 2011 masana a ma'aikatar gona ta Amurka suka lura cewa akwai wasu jerin gado da ake samun dubban shanu da kwafi ɗaya amma ba a taɓa ganin mai rai da kwafi biyu ba, daga nan aka gano bakin zaren. Yanzu a takardar sa za ka ga an rubuta HH1, HH2, HH3 da sauransu, sunayen irin waɗannan lahani ne, ana nuna ko yana ɗauke ko babu. Shi Chief ɗin da wani sa mai suna Round Oak Rag Apple Elevation, haihuwar 1965, su biyun nan kusan duk bijiman Holstein na barbarar allura a Amurka ta wajen uba gare su suke komawa. Duk tsinken irin Holstein, wato ɗan bututun maniyyin da ake barbarar allura da shi, da ya shigo ƙasar nan da wuya ka rasa jininsu a ciki.

Sun gyara daga baya, gaskiya. Amurka ta sa saurin ɗaukar cikin 'ya'yan sa a ma'aunin zaɓe a 2003, Ireland ta canza nata ma'aunin a 2001 ta ba haihuwa nauyi sosai saboda su kiwon ciyawa suke yi dole saniya ta haihu a kan lokaci, Norway kuwa tun shekarun 1970 take lissafa haihuwa da lafiya a jajayen shanunta shi yasa basu faɗa ramin da zurfi ba. Sai kuma 2009 da aka fara zaɓe ta gwajin DNA, a ɗauki gashin wutsiya ko ɗan guntun kunnen maraƙi a duba wurare sama da 50,000 a jikin gadonsa. Da can sai sa ya kai shekara biyar zuwa shida, 'ya'yansa sun girma sun haihu an tatse su, kafin a san darajarsa, yanzu tun yana shan nono an sani. Daga nan haihuwar Holstein ta daina sauka ta fara hawa, kuma madarar bata tsaya ba. Kaga kenan kishin nan ba ƙaddara bace, ana iya samun sa mai duka biyun in an nema.

To yanzu mu dawo kan saniyarka Alhaji, inda nake cewa kar ka yi saurin kiran dillali. In ƙarfin gado a haihuwa bai wuce kashi 5 ba, to saniya guda da ta ƙi ɗauka sau uku, kafin in zargi jininta sai na zargi abubuwa da yawa tukuna. Ruwa baya tsami banza.

Je ka tsaya a bayanta gobe da safe ka dube ta da kyau. Ka ɗora hannu a ƙashin ƙugu, ka shafa haƙarƙari, ka duba gindin wutsiya ko ya yi rami. In kana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, na riga na san rabin labarin. Saniya mai jinin Frisiyan madararta tana kai ƙololuwa a sati na 4 zuwa na 8 bayan haihuwa, amma cin abincinta baya kai nasa ƙololuwar sai bayan haka da makonni, to a wannan tsakanin daga ina take samo abin da take zubawa a bokiti? Daga jikinta, kitsenta take narkarwa. Bunaji in abinci ya yi ƙaranci sai ta rage madara ta tsare jikinta, wayo gare ta. Frisiyan an gina ta ne ta ci gaba da zubawa ko da zata zama ƙashi da fata, wannan shine ainihin abin da aka zaɓa a cikinta duk shekarun nan. Jikin da yake cin kansa kuwa baya sakin ƙwai a kan kari, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Lita 18 ba a yinta da karan dawa da dusar da aka auna da gwangwani, tana son harawar wake ko ta gyaɗa mai kyau, dusar masara ko ta alkama, angurya ko tunkuza, da ruwa wanda a zafi zai iya wuce lita 80 a rana. Sannan sinadarin fosfaras, ƙasarmu tana da ƙarancinsa, in kaga shanu suna taunar ƙashi ko tsumma alama ce. Kanwa tana da nata amfanin amma bata maganin wannan, a nemi dutsen lasa na ma'adinai na gaske.

Ga wani abu da mutane basa sani. Saniyar da ke cin abinci da yawa don yin madara da yawa, jini yana yawan bi ta hantarta, hantar kuma tana saurin wanke sinadaran da ke sa ta nuna tana neman sa da wanda ke riƙe ciki. Sakamakon haka neman san nata gajere ne, wani lokaci awa shida ya wuce, kuma a zafi yawanci cikin dare take yi. Zagayen kwana 21 ne, yana iya zama 18 zuwa 24. Alamar da ba gardama a kanta ita ce wata saniya ta hau ta ita kuma ta tsaya cak bata gudu ba. Sauran, kuka da rashin natsuwa da farin yauƙi mai ja kamar ruwan ƙwai da ke manne a wutsiya da raguwar madara na rana ɗaya, masu taimakawa ne kawai. In kaga ɗan jini a wutsiya to an riga an wuce, ka ƙirga kwana 18 zuwa 19 ka fara tsaro. In ta tsaya da safe a yi allura da yamma, in da yamma ne a yi washegari da safe. Tambayata, waye yake kallonta bayan asuba da kuma bayan isha'i? In ɗaure take ita kaɗai a turke ba wata saniya kusa, wa zai hau ta har a gani?

Shi kansa mai allurar a sa masa ido. Na taɓa zuwa wata gona da ake kuka shanu takwas sun ƙi ɗauka, ana ta zagin irin da aka sayo, na ce a kira mai allurar ya yi a gabana. Ya zo a babur, ya buɗe tulun da ake ajiye tsinken iri a sanyi, ba ko hayaƙin sanyi da ya tashi, na sa sanda na auna ruwan naitirojin ɗin ya kusa ƙafewa. Ya zaro tsinken ya riƙe a iska yana amsa waya, sannan ya jefa a kofin ruwan randa. Maniyyin nan ya mutu tun kafin ya ga saniya. Ƙa'ida ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 37, daƙiƙa 30 zuwa 45, a goge, a sa cikin 'yan mintuna. Ba jinin shanun bane, tulu ne.

Sai zafi. Ka duba watannin da aka yi alluran nan uku. In sun faɗo a Maris, Afrilu, Mayu, lokacin da muke haura digiri 40, to ko a nan kaɗai an samu dalili. Zafi yana lalata ƙwan tun yana cikin gidan ƙwai kafin ya fito, yana kashe ɗan tayi a kwanakin farko, kuma ko an samu sauƙi tasirin yana bin saniya har wajen wata biyu. Frisiyan asalinta Holan ce da arewacin Jamus, baƙar fata ga gashi ga injin madara yana ƙona wuta a ciki. Rumfa mai tsayi, iska, yayyafa ruwa da rana, ciyarwa da sanyin safiya da dare, duk suna rage abin.

Kar a manta da cuta. A haihuwar da ta wuce mabiyiya ta fita da kanta ko sai da aka ciro? Ta yi zubar ruwa mai wari? Akwai wadda ta yi ɓari a garken, musamman a wata na bakwai zuwa sama? In eh, a gwada jini don bakkale, kuma kafin sakamako ya fito kowa ya tafasa madara kafin ya sha don tana kama mutum. Sammore ma yana hana ɗauka a wuraren ƙudan tsando. Likitan dabbobi ya sa hannu ko na'ura ya duba mahaifar da ƙwayayen, minti goma ne, zai gaya maka ko tana zagaye ko ta tsaya ko akwai ƙari ko ruɓa. Wani lokacin ma, kar ka yi dariya, a tarar tana da ciki.

Yanzu maganar sa, wadda a nan ne gado yake aikinsa na gaske, don saniya maraƙi ɗaya take baka a shekara in an yi sa'a, sa kuwa ko tsinken iri shi zai cika maka garke. Ruwa biyu na farko, rabi Frisiyan rabi Bunaji, yana da wata albarka ta musamman da ke zuwa in aka haɗa jini biyu masu nisa, kuma wannan albarkar tafi fitowa a daidai abubuwan da gadonsu ke da rauni, haihuwa da juriya da rayuwar maraƙi. Aikin da aka daɗe ana yi a cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya da kuma Vom a Filato kan Frisiyan da Bunaji ya nuna rabi da rabin nan tana ninka madarar uwarta, tana haihuwar fari da wuri. Matsalar ita ce mutum yana ganin haka sai kwaɗayi ya shiga, ya sake sa Frisiyan a samu kashi 75, ya sake a samu 87.5, kowane mataki albarkar gaurayen tana raguwa, kaska da kirci da zafi suna ƙara samun ƙofa, abincin da ake buƙata yana hawa. Taka tana kan 75. In ka sa mata Holstein zalla, 'yarta kusan Baturiya ce, ka tambayi kanka ko gonarka ta shirya karɓar baƙuwa irin wannan. In kuma ka haɗa rabi da rabi da ɗan'uwansa rabi da rabi, jinin yana nan 50 amma rabin albarkar ya tafi, 'ya'yan kuma su fito kowa da kamarsa.

Brazil sun sha wannan gwagwarmayar, suka tsaya a Girolando, kashi biyar cikin takwas Holstein, uku cikin takwas Gir mai tozo ta Indiya, ita ce ke ɗauke da yawancin madarar ƙasar a yau. Ni a irin yanayinmu, in ba mutum yana da rumfa da fanka da abincin shekara a ajiye ba, tsakanin kashi 50 zuwa 62.5 nake ba da shawara. Ga taka zan fi son Girolando ko Gir na madara ko Sahiwal, ko Jersey in kana son ka zauna a jinin Turai, ita ƙarama ce, tafi jure zafi, maraƙinta baya wahalar haihuwa, madararta ga maiƙo, masu kindirmo da man shanu zasu so ka. Akwai kuma Holstein masu wata ƙwayar gado ta gajeren gashi mai santsi da aka samo daga shanun Senepol na tsibirin St. Croix, kwafi ɗaya ya isa ya nuna, suna riƙe madara a zafi fiye da 'yan uwansu, in ka samu irinsu abin dubawa ne.

Kuma kar a raina na gida. A cikin Bunaji da Bokolo da Azawak ta Nijar, wadda aka daɗe ana zaɓenta don madara a tashar Tukunus, akwai shanun da suka fi sa'o'insu nesa, Bafulatani ya san su da suna ya san uwarsu da kakarsu, rubutawa ce kawai ba a yi. Sai dai a tuna mai tozo bata sakin nono sai maraƙi ya fara tsotsa, shan nonon nan kuma yana jinkirta dawowarta neman sa, wani ɓangare na dogon tazarar haihuwar da ake ɗora wa jininta daga nan yake, da kuma yunwar rani.

In za ka sayi tsinke, ka ce a nuna maka takardar san. Kar idonka ya tsaya a lambar madara. Duba saurin ɗaukar cikin 'ya'yansa, a takardun Amurka DPR ake rubutawa, ka nemi wanda yake sama da sifiri, duba sauƙin haihuwa, duba ko yana ɗauke da HH ɗin nan, ka rubuta sunansa da na ubansa a littafi. Wallahi na sha ganin an sa wa karsana irin ubanta saboda mai allura tsinke ɗaya yake yawo da shi shekara uku, uba a kan 'ya kuwa kashi 25 ne na cuɗanyar jini a zama ɗaya, madara ta ragu, haihuwa ta ragu, maraƙi ya fito a raunane.

Ka ɗan yi wannan lissafin ma, misali ne kawai na ƙirƙira don ka gani. Saniya ta farko tana bada lita 3,600 a tatsa guda amma sai wata 20 take haihuwa, a shekara lita 2,160 kenan. Ta biyu lita 2,600 kacal amma duk wata 13 ta haihu, a shekara lita 2,400. A shekara biyar ta farko maruƙa uku, ta biyu huɗu ga na biyar a ciki. Wacce za a fi yi wa hoto a sa a Facebook mun sani, amma ta biyun ce ke biyan kuɗin dusa.

Don haka ita wannan saniyar ka bata wata biyu zuwa uku. A kira likita ya duba mahaifa a wannan satin, a gwada bakkale, a gyara abinci har ramin gindin wutsiyar ya fara cikewa, a sake ta cikin sauran shanu safe da dare wani ya zauna ya kalla na minti 20. In an ga alama ba a samun kama lokacin, likita zai iya yi mata alluran daidaita zagaye a sa iri a ƙayyadadden lokaci, ko kuma a gwada ta da lafiyayyen sa sau ɗaya, don wannan yana raba gardama tsakanin laifin saniya da laifin tulu. In duk an yi haka ta ƙi, kuma ka bincika ka ji uwarta ko 'yan uwanta ma haka suke da wahalar ɗauka, to a lokacin zan yarda da mutumin naka, ka tatse ta har madarar ta daina biyan abincinta sannan ka fitar, kuma kar ka bar ɗanta namiji ya zama san garke.

Ka turo min ranar da ta haihu, ranakun alluran nan uku, abin da take ci a rana da awonsa, da hotonta daga baya da kuma daga gefe. Tazarar da ke tsakanin alluran kaɗai zata gaya min abu da yawa, in kwana 21 ne cif tana zagaye lafiya matsalar lokaci ce ko iri, in kuwa kwana 30 zuwa 40 ne to akwai alamar yana shiga yana zubewa, in kwana 42 ne an tsallake zagaye ɗaya ba a gani ba. Allah ya sa albarka a garken.